Kafin ka nemi bizar Dubai, ka taɓa leƙa Kura?

A ƙarshen daminar da ta wuce wani ƙanena ya ɗora gajeren bidiyo a TikTok. Yana tafe a bakin kanal da sanyin safiya, ruwa na gudu ta damansa, ta hagunsa kuma shinkafa ce kore shar har inda ido ya tsaya, ga belbelu farare suna tashi suna sauka. Da gangan ya ƙi rubuta sunan wurin. Kafin azahar masu tambaya sun cika masa waya, kowa na son sanin wace ƙasa ce. Wani ya ce Indunusiya, wata ta rantse Masar ce, har da mai roƙon a haɗa shi da ejan ɗin da ya samo masa biza. Da ya gaji da dariya sai ya faɗa musu gaskiya: bayan garin Kura ne, kuma a motar haya ya je ya dawo tun rana ba ta yi zafi ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da yawa daga cikin masu tambayar 'yan Kano ne. Sun sha wucewa ta titin Zariya, sun sha ganin kwandunan tumatir a gefen hanya, amma ba su taɓa cewa direba ya tsaya su sauka ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, sai da na girma na yi hakan.

Ba cewa nake kada a fita waje ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, wanda Allah ya hore wa ya je ya ga duniya. Amma mu duba aljihunmu. Tun da aka saki Naira a tsakiyar 2023, kuɗin tikiti da na otal a ƙasashen waje suka fi ƙarfin yawancinmu. Ita kanta Dubai ɗin da muke wa kallon aljannar duniya, daga ƙarshen 2022 har zuwa watan Yulin 2024 ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza. Saboda haka mafi yawanmu yawon buɗe idonmu a waya yake ƙarewa: mu kalli hotunan wasu, mu danna alamar so, mu yi ajiyar zuciya, data ta ƙare. Alhali ga wuri a bayan gida, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Na'ibawa idan hanya ta yi kyau.

Ruwan da ke tafiya da ƙafarsa

Wannan koren da ake gani a Kura da Bunkure da Garun Malam ba daga sama ya faɗo ba, musamman da rani lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus. Asalinsa Tiga ne. A zamanin gwamnan Kano na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka datse Kogin Kano aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. A daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel aka yi aikin. Daga wannan dam ɗin ne babban kanal yake ɗauko ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma, daga nan ƙananan magudanai su raba shi gona-gona. An tsara kashin farko na aikin zai shayar da wajen hekta 22,000, kodayake ba duka aka kai ga gyarawa ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi.

Abin da ya fi burge ni, kuma na tabbata zai burge duk ɗalibin injiniya, shi ne a tsarin asali ba inji ke tura ruwan nan ba. Gangara ce kawai. An auna ƙasa an ga Tiga ta fi gonakin tudu, sai aka bar ruwa ya yi tafiyarsa da kansa, kilomita bayan kilomita, ba fetur ba lantarki. Ka tsaya wurin da ake buɗe ƙofar ruwa ka ga yadda ake juya ƙarfe, ruwa ya kwararo cikin reshe, manoma su bi shi da fartanya suna buɗe masa hanya fala-fala. Darasin da malami ya yi ta zanawa a allo kana hamma, ga shi nan a gabanka yana gudu.

(Ba komai ne alheri ba, a faɗa. Mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar kogin ke shayar da fadamunsu tun kaka da kakanni, suna da nasu labarin game da abin da datse ruwa ya jawo musu. Wannan zance ne na wata rana.)

Yanzu ka kwatanta. A tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, cikin manyan abubuwan da baƙi ke tururuwar gani akwai gonakin shinkafa da tsarin rabon ruwansu na gargajiya da ake kira subak, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2012. A wurare irin su Jatiluwih sai ka biya kuɗin shiga kafin ka taka cikin gona ka ɗauki hoto. Bature ya taso daga Faransa ko Ostireliya, ya biya jirgi, ya biya masauki, don ya ga manomi yana dasa shinkafa. Gaskiya ne su nasu a jikin tsaunuka yake hawa-hawa, namu shimfiɗaɗɗe ne. Amma wanda ya ga Kadawa da hunturu, alkama ta yi luf iska na kaɗa ta, hazo ya rufe bishiyoyin nesa, ba zai ce ba abin kallo ba ne.

Kowane lokaci da kalarsa. Da damina shinkafa ce ke mulki. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, gonaki su koma ruwan zinare, a shiga yanka da bugu, a shanya shanshera a duk inda aka samu fili. Da sanyi kuma sai alkama da tumatir da albasa da masara. A cikin garin Kura kuwa kusan duk lungun da ka shiga za ka ji ƙamshin shinkafar da mata ke turarawa a manyan tukwane, ga ƙarar injinan casa ba dare ba rana. Shinkafar da kake ci a gida kana cewa 'yar Hausa, akwai yiwuwar ta bi ta nan.

Rawanin da ya fi garinsa suna

Tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Tiga, Kura ta yi suna har cikin Sahara, kuma ba da shinkafa ba. Da rini ne.

Ka taɓa jin an ce rawani ɗan Kura? Shi ne baƙin rawanin nan mai ƙyalli kamar an shafa masa ƙarfe, wanda hakimai da mahaya ke naɗawa a ranar hawan sallah. Daga sunan garin ya samo sunansa. Yadin kuma turkudi ne. Masaƙa ke saƙa shi siriri, faɗinsa bai fi na yatsa ba, a ɗinke siraran su zama yadi guda, sannan a kai karofi. Marini ya tsoma a rijiyar baba ya fitar, ya bari ya sha iska, ya sake tsomawa, haka haka har shuɗin ya koma kamar baƙi. Ita kanta rijiyar sai an haɗa ta da shuni da toka da ruwa, a bar ta kwanaki tana tsima ana motsawa, kuma gwani daga wari da kumfa yake gane ta nuna. Daga nan sai mabuga. A shimfiɗa yadin a kan gungumen itace, a ƙara masa garin shuni, maza su zauna suna dukansa da manyan sandunan bugu, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, sautin na tashi kamar kiɗa. Wannan dukan ne ke fito da ƙyallin.

Manyan masu sayensa Buzaye ne, mutanen Agadas da Abzin da sauran sassan hamada. A wurinsu wannan yadi kayan alfarma ne na biki da ranar fita kunya. Shunin yana zuba a fatar wanda ya naɗa, su kuwa abin so ne a wajensu, shi ya sa Turawa ke musu laƙabi da shuɗɗan mutanen hamada. To ka ji inda abin yake: hotunan nan da kake gani a Instagram na Buzu a kan raƙumi da naɗi mai walƙiya, waɗanda kamfanonin yawon buɗe ido ke tallar Sahara da su, sau da yawa shuɗin daga ƙasar Kano ya fito. Baƙo ya je Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin UNESCO a 2013, ya ɗauki hoton rawani, bai taɓa jin sunan Kura ba.

Ba sabon ciniki ba ne. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen yadin Kano yana kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tumbutu ta yamma. Shekara fiye da 170 ke nan.

A nan ne nake ganin akwai abin tsoro. Wanda ya zaga karofin yau zai ga rijiyoyin da suka mutu, wasu an cike su da shara, wasu ciyawa ta rufe. Yadin kanti mai araha ya cika kasuwa, rinin zamani na gwangwani ya fi sauri, saurayi kuma in ya auna wahalar bugu da abin da zai samu a gonar shinkafa ko a kan babur, ba sai an gaya maka wanda zai zaɓa ba. Ba na ganin laifinsa. Ga kuma rufe iyakar Najeriya da Nijar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya ɗauki watanni, kuma duk mai sana'ar da kasuwarsa ke arewacin iyaka ya ji a jikinsa. Sana'ar da ta dogara da hannun dattawa, in ba a samu masu karɓa ba, rana ɗaya za a wayi gari sai labari.

A birnin Fas na ƙasar Maroko akwai tsohuwar majema mai suna Shuwara. Wari take yi sosai, har ganyen na'ana'a ake miƙa wa baƙo ya toshe hanci. Duk da haka kullum cike take da 'yan kallo, suna hawa saman shagunan da ke kewaye suna ɗaukar hoto, in sun sauko su sayi jaka ko takalmi. Kallo ya zama talla, talla ta riƙe sana'a. Marinar Ƙofar Mata a cikin birnin Kano ta ɗan samu irin wannan gata, domin duk baƙon da ya zo akan kai shi. Kura, mai rawanin da ake ji da shi, ba ta cikin lissafin masu zagayawa da baƙi. A watan Disambar 2024 UNESCO ta amince da hawan sallar Kano a matsayin al'adar da duniya za ta adana. Baƙin da ke zuwa kallon hawa, me zai hana a ce musu gobe da safe ku zo mu kai ku inda ake yin rawanin da kuka gani jiya?

Ja a gefen titi

In ka wuce gaba kaɗan a titin Zariya lokacin tumatir, za ka iske Kwanar Gafan a ƙaramar hukumar Garun Malam. Kasuwa ce da ke tashi da kakar tumatir ta kwanta in ta wuce. Kwanduna jere ja wur, dillalai na ta ciniki da ƙarfi, 'yan dako na loda manyan motocin da za su kwana a hanya zuwa Legas da sauran biranen kudu. Mai son hoto ba zai rasa ba. Amma in ka tsaya ka saurara, za ka ji ɗaya gefen labarin: ranar da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi warwas, manomi ya rasa ko kuɗin kwando. Ka tambayi kowa a nan game da 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. A wannan shekarar ce kuma kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya fara aiki, kuma tun daga lokacin ya sha tsayawa yana tashi. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ji ana rigimar tsadar kayan miya a Facebook, zai san ta inda zai sa baki.

To, a ina baƙo zai kwana?

Nan ne gizo ke saƙa. Audu Baƙo da mutanensa sun yi wannan tunanin tun shekara 50 da suka wuce. Ba ruwa kawai suka tara ba, sun gina wuraren da mutum zai je ya huta: otal ɗin Bagauda a bakin tafki, da Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga. Iyayenmu da suka yi samartaka a shekarun 1970 da 1980 suna da labaran Bagauda, ka tambaye su ka ga murmushi. Yau harabar Bagauda ita ce reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Ba asara ba ce, ilimi ake bayarwa, amma dai wurin kwanan baƙo ya ragu da ɗaya.

Saboda haka a halin da ake ciki shawarar da zan ba wanda ya zo daga nesa ita ce ya sauka a cikin Kano, ya yi sammako ya fito, ya koma kafin magariba. Ma'ana kuɗin kwana da na abincin dare duk a birni za su tsaya. Kura da Bunkure su samu ƙura da na ruwan leda.

Abin haushin shi ne saukar baƙi ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe. Da can fatake in sun iso gari, fatoma ne ke sauke su: ya ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya samu la'adarsa. Abin da masu gidajen riyad ke yi ke nan a Maroko, tsofaffin gidajen iyali da aka gyara suka zama masauki, sai dai su sun ƙara da intanet. Ɗaki biyu masu tsabta kusa da zaure, banɗaki mai ruwa, gidan sauro, sola da za ta ja fanka ta yi cajin waya, da safe a kawo koko da ƙosai, da rana dafa-duka da shinkafar da aka noma a bayan gida. Ɗalibin aikin gona da ya zo tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa, ko ɗan kasuwar da ya zo sayen shinkafa, ba su fi ƙarfin irin wannan ɗaki ba.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma suna da hujja. Da an ambaci masauki, abin da ke zuwa ran mutane shi ne gidan da ake sheƙe aya. Ba wanda ke son a mayar masa da unguwa haka. Shi ya sa duk matashin da zai gwada wannan, daga ƙofar mai unguwa da dagaci zai fara, a san waye baƙon, a rubuta sunansa, a gaya masa dokar gari tun kafin ya ajiye jaka. In aka tsallake manya, ko an fara ba za a daɗe ba.

Akwai ma abin da bai buƙatar gini. Yaron da ya tashi a Kura ko Bunkure, ya san wace gona ce ta fi kyau da hantsi, ya san mabugar da ke aiki yau, yana da waya mai kyamara, yana jin Turanci daidai gwargwado, ai ya riga ya zama ɗan jagora, saura ya san hakan. A Zanzibar da Marrakesh da wannan samari ke ci da iyayensu.

In za ka je

Gona ba sutudiyo ba ce, wurin neman abincin wani ne. Ka yi sallama, ka ce sannu da aiki Baba, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, kuma in an ce a'a, a'a ce. Matan da ke aikin shinkafa a cikin gida ko a bakin hanya, kada ka ɗauke su a ɓoye ka je ka ɗora da waƙa a kai don neman mabiya, wannan cin mutunci ne. Ka bi kan kunya, kada ka tattake shuka saboda kana neman inda hoto zai fi fita. In ka shiga mabuga ka ɗauki bidiyon minti goma, ka sayi wani abu ko ka ajiye na goro. Ke ma 'yar uwa, in da ƙawaye za ku je, ku nemi ɗan gari ya raka ku, tafiyar za ta fi daɗi.

Sai ruwa. Kanal yana da kyau a ido, amma gefensa santsi ne, ƙarfin ruwan kuma ya fi yadda ake zato. Ko ka iya iyo kada ka faɗa. Ban da nutsewa akwai tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a irin wannan ruwa, kuma sananniya ce a yankunan noman rani. In ka ƙarasa Tiga masunta suka ce ka hau kwalekwale, ka tambayi rigar kariya, ka ƙirga mutanen da ke ciki. Ba mu manta da hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Dajin Falgore da ke can gaba kuwa, kada ka ɗauki hanya don ka ga sunansa a taswira, sai ka tambayi waɗanda suka san halin tsaron wurin a wannan makon.

Hanyar ba wuya. Daga Kano ka miƙe titin Zariya, mai zuwa Bunkure da Rano ya karkata a Karfi, mai zuwa Kura ya ƙara gaba kaɗan. Ka fita bayan asuba, domin hasken da ke sa shinkafa ta yi kyau a hoto ba ya wuce ƙarfe tara. Ka riƙe kuɗi a hannu saboda ba ko'ina turawa ta waya ke tafiya ba, ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, kuma in za ka taɓa turkudi kada ka je da fararen kaya.

Shi ƙanen nawa ya koma sau biyu tun daga ranar. A zuwansa na ƙarshe abokai huɗu ya ɗauka, kowa ya ba shi na mota da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa cika baki da zancen Dubai, ya dawo da rabin buhun shinkafa a but da shuni a tafin hannu, kwana uku yana wankewa bai fita ba.